Robar da Ke Ƙirjin Sista Dakata

Tela na tsugune a gaban wata mata, fil a bakinta, tana kama mata ƙasan riga, sai wayarta ta ɗauki ƙara a kan keken ɗinki. Da farko ta yi niyyar ƙyale ta. Da ta miƙa wuya ta ga babban ɗan aminiyarta ne ke kira, sai ta tofar da fil ɗin a tafin hannu ta ɗauka.

"Inna," ya ce. Daga nan numfashinsa kawai take ji.

"Ina jin ka. Zazzaɓin ya sauka?"

"Inna, Mama ta cika."

Matar da ake yi wa awo ce ta yi salati a madadinta. Tela ta miƙe ta fita yadda take, tef ɗin awo rataye a wuya. Shagon ma maƙwabta ne suka rufe mata.

A asibiti ta same shi zaune a kan dogon bencin da ke bakin ɗakin masu tsananin ciwo, bencin da ita ma ta yini a kai jiya aka hana ta shiga. Mutum ne mai iyali, har da furfura a gemu, amma da ya gan ta sai ya kifa kansa a kafaɗarta kamar yaron goye.

"Ba ciwon dajin ne ya kashe ta ba, Inna. Likita da bakinsa ya ce maganin na aiki, ƙullutun ma ya fara janyewa. Robar nan ce ta ƙirjinta."

Ya ba ta labarin a gutsure. Jiya da safe an zo sa wa Mama magani, robar ta ƙi karɓa. Wata sabuwar nas da aka aro daga wani ɗaki, wadda ba ta ma san ko wace ce a kan gadon ba, ta danna sirinji da ƙarfi har ruwan ya wuce. Ba a jima ba Mama ta kama rawar ɗari, haƙora na haɗuwa, gado na kaɗawa. Da likita ya zo ya ɗaye filastar, sai ga wurin ya yi jawur yana tsattsafo da mugunya. Dattin da ya daɗe yana taruwa a cikin robar ne aka ingiza shi cikin jininta gaba ɗaya. An cire robar, an yi ta ɗura magani, amma cutar ta riga ta zagaye jiki.

"Likita ya juya ya ce, wa ya wanke robar nan na ƙarshe? Inna, ga su nan tsaitsaye, babu wadda ta ɗaga kai. Can wata ta ce, ai Sista ita ke yi wa kanta."

Yana rufe baki sai ga shugabar ma'aikatan jinyar ɗakin ta taho da gudu, hula a karkace, fuska sharkaf da hawaye. Ita ce wadda marigayiyar ke kira Auta. Ta buɗe hannu za ta rungume Tela. Tela ta matsa gefe, ta bar ta ta rungumi iska.

*

A asibiti sunanta Sista Dakata. A wajen Tela kuwa Doguwa ce, tun suna yara suna zama benci ɗaya a makaranta. Ita kuma tana ce mata Gajera. In sun jero a hanya, mutane kan ce ga tsani ga turmi. Tela ba ta yi nisa a karatu ba, ta kama ɗinki. Doguwa ta ci gaba har ta shiga makarantar koyon jinya, kuma farar rigarta ta farko Tela ce ta ɗinka, hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Haka ta sa ta ta tafi, ta ce in an tambaye ta za ta ce sabon yayi ne.

Sun yi aure kusan lokaci ɗaya, sun yi goyo tare, sun yi faɗa sun shirya ba adadi. Mijin Doguwa ya rasu yaran suna ƙanana, ta riƙe su da albashinta da kuma bakinta, wanda ya fi albashin kauri. Ba mace ce mai daɗin baki ba. In ta zo shago ta ga ɗinki ya karkace, a gaban mai kaya za ta faɗa. Amma in Tela ta kwanta ciwo, kafin 'yan'uwanta su ji, Doguwa ta iso da kwandon magani da masifa.

Aikinta a ɗakin masu doguwar jinya yake, waɗanda jijiyoyin hannunsu suka gaji da allura har suka ɓuya. Irin waɗannan likita kan sa musu wata siririyar roba a ƙirji ko a wuya, ta bi babbar jijiya ta tsaya dab da zuciya, bakinta kuma na waje. Ta nan ake ba su magani da ƙarin ruwa, wani lokaci har abinci. Ma'aikata "layi" suke ce mata. Sa ta aikin likita ne, amma raya ta aikin nas ne, kuma a nan Doguwa ta ƙare rayuwarta.

Tela ba a labari ta san wannan ba. Shekarun baya an yi wa mijinta, bakanike, aiki a hanji, ya daɗe ba ya cin komai ta baki, robar ce ke riƙe da ransa. Kullum tana zaune a gefen gado take kallon aminiyarta. Doguwa za ta zo da tirenta, ta tsaya a bakin famfo ta yi ta murza hannu har gwiwar hannu.

"Doguwa, wannan wanki haka, sai ka ce da hannun za ki shiga aljanna ki bar sauran jikin?"

"Gajera, kin san inda ƙarshen robar nan yake? A ƙofar zuciyar mijinki. Duk abin da na bari a bakinta, shi na aika masa. In kin gaji da shi ne ki faɗa mini, in daina wahala."

Bakanike daga kwance ya ce, "Sista, don Allah ci gaba da wanki, kada ki saurare ta."

Sai Doguwa ta sa safar hannu, ta ɗauki auduga mai sifirit ta kama bakin robar ta yi ta gurza, kamar mai kankare gindin tukunya. Daga nan ta tsaya cak, ta riƙe shi a sama ba ya taɓa komai, har sai ya bushe da kansa. A nan ɗalibai ke ƙosawa su kai hannu ga sirinji, a nan kuma take daka musu tsawa: "Dakata! Bari ya bushe!" Sunan da ya bi ta ke nan har a bakin manyan likitoci.

In ya bushe, sai ta haɗa sirinjin ruwan gishiri, ta ɗan ja baya ta ga jini ya leƙo, alamar hanya a buɗe take. Sannan ta tura, ta tsaya, ta tura, ta tsaya. Ta ce haka ruwan ke karkaɗawa a ciki ya ɗauraye bangon robar, yadda ake girgiza kwalba in ana son ta fita. Kafin ruwan ya ƙare ta danne maƙallin da ke jikin robar, don kada jini ya dawo ya kwanta ya daskare. In roba ta ƙi karɓa, ba ta yarda a yi mata dole. "Ba jaki ba ce da za ki ƙara mata bulala," in ji ta. "Ajiye sirinji ki kira likita." Filasta kuwa ko gefenta ne ya ɗaga, ko gumi ya jiƙa ta, sai an sake sabuwa, a duba fatar ko ta yi ja, a shinshina, a tambayi mai ciwo ko yana jin sanyi.

Bakanike ya tashi. Yana nan har yau, yana cika wa Tela kunne da rediyo. Irinsa da suka fita daga ɗakin nan da ƙafafunsu, Allah kaɗai ya san yawansu.

Auta kuwa ɗaliba ce ta zo, 'yar siririya daga wani gari mai nisa, ba ta da kowa a nan. Ranar farko da ta ga an ja jini a roba sai ta zube a sume. Sauran suka yi mata dariya. Doguwa ta yayyafa mata ruwa, ta ce, "Tashi, mai suma ta fi mai ganganci." Da ta ji yarinyar ba ta da wurin kwana mai kyau, ta kwaso ta da akwatinta ta haɗa ta ɗaki ɗaya da 'ya'yanta mata. Babu wadda ta sha faɗanta kamar Auta, babu kuma wadda ta samu hannunta kamar Auta. Da aurenta ya tashi, Doguwa ce uwa, Tela ce ta ɗinka kayan tun daga na fita har labulen ɗaki. Da ta zo haihuwar fari, a hannun Doguwa ta yi. Da lokacin ajiye aiki ya yi, Doguwa ta yi ta sintiri ofis-ofis har aka ba Auta kujerarta.

"Na bar ɗakin a hannun da na sani," ta ce wa Tela ranar. "Yanzu ko ni na kwanta a can, barci zan yi da munshari."

Ashe bakinta ne ya kama ta.

*

Ba ta daɗe da hutawa ba ta fara rama. Aka yi gwaje-gwaje, aka ce ciwon daji ne a hanji, amma an tare shi da wuri. Maganin da za a ba ta mai ƙarfi ne, yana ƙona ƙananan jijiyoyi, don haka sai an sa mata roba a ƙirji. Da yake tana yawan jiri da amai, kuma ɗanta aiki na kai shi nesa, aka ce ta zauna a asibiti har ta ɗan yi ƙarfi. Ɗan ya so ya kai ta wani asibitin. Ta ce Allah ya kiyaye, tana da gida za ta je haya?

Ranar da aka kwantar da ita ɗakin kamar ana biki. Aka ba ta ɗan keɓaɓɓen ɗaki na ƙarshen baranda, mai taga. Yaranta na aiki suka yi ta shigowa gaisuwa, wannan ta gyara filo, waccan ta kawo ruwan zafi. Tela ta ɗinka mata riguna masu buɗewa ta gaba, da maɓallai, don a riƙa kaiwa ga robar ba sai an tuɓe ta ba.

Washegari wata ƙaramar nas ta shigo da tire, a tsorace tun daga ƙofa. Wa zai ga laifinta? An tura ta ta yi wa malamar malamanta aiki. Ta goga audugar sama-sama, ta kai hannu ga sirinji.

"Dakata!"

Har na baranda sai da suka ji, aka kwashe da dariya, ana cewa Sista ta dawo aiki. Doguwa ta ce wa Tela ta riƙe mata madubi. Ta tashi ta wanke hannu, ta sa safa, ta karɓi sabuwar auduga, ta yi abinta tsaf daga farko har ƙarshe tana kallon madubi, tana yi tana bayani. Yarinyar ta fita tana share ido. Auta ta leƙo tana dariya.

"Ku bar Mama ta yi kayanta. Ba ku san wanzami ba ya son jarfa ba?"

Wasa ta yi. Amma wasan nan shi ya zama doka. Daga ranar, duk wadda ke kan aiki sai ta haɗo tire, ta ajiye a kan ɗan teburin gefen gado, ta rusuna ta ce, "Mama, ga kayanki," ta ja ƙofa. Masu safe suka gaya wa masu yamma, masu yamma suka gaya wa na bayansu. Kowa ya huta da tsawa. Ita ma Doguwa da farko abin ya yi mata daɗi. Tana ganin girmamawa ce, tana kuma jin har yanzu da sauranta.

Sai maganin ya fara cin yatsunta. Dama an ce yana yin haka. Da farko ta ce kamar tururuwa ke bin su, daga baya ta daina ambata. Tela ce ta lura, don ita mai kallon hannun mutane ce. Ta ga kofin shayi ya suɓuce mata. Ta ga ta yi ta kokawa da maɓalli ɗaya har ta haƙura ta ja mayafi ta rufe. Tela ta kwashe rigunan ta cire maɓallan ta sa igiyoyi masu kauri. Da ta dawo da su, Doguwa ta juya su ta ce, "Wannan kuma wane sabon ƙauyanci ne?" Amma ba ta ce a mayar ba.

Wanda bai iya ɓalle maɓalli ba, yaya zai murɗe murfin roba da bai kai ƙwayar gyaɗa ba, ba tare da ya taɓa bakin ba? Ga shi a tsakanin zagaye ɗaya na magani da na gaba robar zaman banza take, ba a sa komai ta ciki. A lokacin ne kuma ta fi bukatar a ɗauraye ta, don kada jini ya kwanta. Doguwa ce ta koya wa Tela haka da bakinta.

Wata rana da yamma Tela na zaune, nas ta shigo ɗaukar tire. Sirinjin na nan cike yadda aka kawo shi, auduga ko buɗe ledarta ba a yi ba. Tela ta ga idon yarinyar ya sauka a kai. Ta ga ta ɗan tsaya. Sannan ta ga ta ja ƙyalle ta rufe tiren, ta ce, "Mama, Allah ya ƙara sauƙi," ta fita.

Wannan jan ƙyallen shi ne abin da Tela ta kasa haɗiyewa har yau. Da ba su gani ba ne, da sai a ce ƙaddara. Sun gani. Tambaya ce ba wadda ta iya yi, don kada a ce ta raina Sista.

Tela ta tashi ta bi baranda har ɗan ofishin Auta. Ta same ta da waya a kunne, ta jira ta gama.

"Auta, yaushe rabon ki da ki ga ƙirjin uwarki?"

"Inna, kullum ina leƙa ta."

"Leƙe na ce miki? Hannunta ya mutu. Cokali ma da ƙyar take riƙewa. Tiren nan da kuke ajiye mata, yadda ya shiga haka yake fita."

Auta ta sunkuyar da kai, ta yi ta murza zoben hannunta.

"Wallahi Inna, ba zan iya buɗe rigar Mama ba. Uwata ce. In na gan ta a kwance haka, gwiwoyina sanyi suke yi. Kuma in na ce zan karɓa, za ta ga kamar na ce ta gaza."

"Ranar da kike naƙuda, ita ta ji kunyarki? Ko gwiwoyinta ƙarfe ne?"

"Ki yi haƙuri, Inna. Gobe da kaina zan yi."

Gobe ta zo, aka ce Auta na taro da manya. Wata goben aka ce yaronta ba lafiya. In ta wuce ta baranda takan ɗaga murya daga ƙofa, "Mama, ya jiki?" ta ƙara sauri kafin a amsa. Ba ta yi da kanta ba, ba ta kuma ce wa kowa ya yi ba, don faɗa wa yaran su karɓa daidai yake da faɗa musu cewa Sista Dakata ta ƙare.

Likitan ma ɗan hannunta ne, a gabanta ya fara aiki. In ya zo zagaye sai ya tsaya daga ƙafar gado, hannu a baya kamar ɗalibi.

"Sista, layi lafiya?"

"Lafiya lau, likita. Yarana na kula da ni."

Sai ta ƙara jan mayafi har wuya. Shi kuma ya gyaɗa kai ya wuce. Da a ce wata tsohuwa ce daga ƙauye da ba ta san kowa ba, da ya ɗaga mayafin ya duba da idonsa. Da nas ta zo ta wanke mata ba tare da neman izini ba. Duk majinyatan ɗakin an yi musu yadda Doguwa ta koyar, an gurza, an dakata, an ɗauraye. Ita kaɗai aka tsallake. Inuwar giginya ta zama, na nesa ka sha. Ba ƙiyayya ce ta kashe ta ba, kara ce, da kawaici, da "ai ta fi mu sani". Tela ta ce da ƙiyayya ce ma da ta fi sauƙi, don maƙiyi ka san ta inda za ka tare shi.

Kuma ba su kaɗai take jin haushinsu ba. Har da ita mai gadon. Shekara da shekaru ba abin da suke ɓoye wa juna, amma a kan wannan Doguwa ta dube ta ido cikin ido ta yi ta ce mata komai lafiya.

*

Zuwanta na ƙarshe da suka yi magana, da la'asar ne. Ta shigo da 'yan lemu a leda, ta tarar da Doguwa a jingine, tiren na gefe ba a taɓa ba. Ɗakin ya yi zafi, gumi ya jiƙa mata wuya. Tela ta ajiye ledar, ba ta ko zauna ba, ta kai hannu ta kwance igiyar rigar.

"Ke Gajera, mene ne haka? Ba sallama sai tuɓe mutane?"

Filastar ta ɗaga ta gefe biyu, ta yi duhu da danshi. Fatar da ke zagaye da robar ta yi ja, ta ɗan tasa.

"Doguwa, wannan fa?"

"Gumi ne."

"Da a jikin mijina kika ga wannan, gumi za ki ce?"

Doguwa ta kau da kai wajen taga. Can ta ɗaga hannayenta biyu ta dube su, gaba da baya, kamar na aro.

"Na gwada," ta ce a hankali. "Murfin ya faɗi ƙasa. Na ɗauki wani, shi ma ya faɗi. Ban san na riƙe abu ba sai na gani da ido. Na ce gara in bar ta a rufe da in buɗe ta da wannan hannun."

"Shi ne ba ki faɗa ba?"

"In faɗa wa wa? Suna da ido."

Tela ta naɗe hannun rigarta, ta nufi famfo.

"To ni zan yi. Na ga yadda kike yi ya fi a ƙirga. Ki riƙa faɗa mini, ina bi."

"Ajiye hannunki. Ke da zare ma sai kin lasa kafin ki sa a allura?" Ta yi 'yar dariya, dariyar ta koma tari. "Ba wasa nake ba, Gajera. Ta kwana biyu ba a taɓa ta ba, ban san abin da ke ciki ba. Ba aikinki ba ne yanzu. Sai wanda ya sani, ya duba, in ta ƙi ya kira likita."

"To bari in kira likitan."

"Ki kira shi ki ce me? Ki ce ɗakin da Auta ke riƙe an bar layi ya lalace? Kujerar nan da ƙyar na samar mata. Akwai masu jiran ta yi tuntuɓe."

"Ta yi tuntuɓen mana! Ranki fa ake magana!"

"Rage murya, akwai marasa lafiya."

"Ke mece ce? Mai gadi?"

Doguwa ta kamo gefen zanenta da yatsun da ba sa ji, ta ja ta ta zaunar a bakin gado. Tela ta zauna, hawaye na zuba, tana ɗaure mata igiyar rigar. Ta ɗaure ta kwance, ta sake ɗaurewa.

"Kin yi mata magana, ko?" in ji Doguwa. "Na ga ta daina haɗa ido da ni."

"Na yi. Ta ce gobe."

"To ai ta ce gobe."

"Goben ta wuce, Doguwa. Ta wuce ta sake wucewa. Bari in je in kamo ta da hannuna in kawo miki ita nan."

"A'a. Ba zan roƙi 'yata abin da ni na koya mata ba. Jibi za a sa mini magani, dole a buɗe robar. Kafin nan za ta zo. Na san ta, tsoro ne da ita, amma takan tashi in ta suma."

"In ba ta zo ba fa?"

Doguwa ta juya ta dubi ƙofa. A baranda ana tura keken magani, ƙafarsa ɗaya na ƙara.

"To ashe tsawa kawai na yi ta yi shekara da shekaru, ban koya wa kowa komai ba."

Ta lumshe ido, ta ce ta gaji, Tela ta tafi kada ta rasa mota. Tela ta gyara mata filo, ta ɓare lemu ɗaya ta ajiye inda hannunta zai kai, ta ɗauki jakarta. Ta kama ƙofa za ta ja.

"Gajera."

"Na'am."

"Kada ki rufe. Bar ta a buɗe, in ta zo wucewa ta gan ni."

"Na bari, Doguwa."